Daga Atlanta Zuwa Nguru Cikin Dare Ɗaya

Shafi na 19

Masu turo mini saƙo suna cewa Suwaibatu baƙin ciki kawai take yi da ƙaninta, na gani. Masu cewa gaskiyarta ce, ku ma na gani. Ni dai ba na bayan kowa, abin da ya faru nake faɗa. Wadda yau ta fara shigowa, sannu da zuwa, samu wuri ki zauna.

*

Tun da Yunusa ya sa ƙafa a ɗakin da aka kwantar da Iya, babu wanda ya sake duban inda Suwaibatu take.

Ita ce ta tsinci mahaifiyar tasu a faɗe bakin murhu jiya Litinin da yamma. Ita ta goya ta har bakin titi, ita ta tare napep, ita ta yi ta kai da kawo a asibiti har aka samu gado. Likita ya ce jinin Iya ne ya hau fiye da kima, Allah ne ya sa aka kawo ta da wuri. Zanin da ke jikin Suwaibatu ma na jiya ne, har yanzu da tokar murhu a gefensa.

Amma labarin da ya cika asibitin na Yunusa ne.

Yaron da ya baro Amurka cikin dare ɗaya saboda uwarsa.

Matan unguwa suka riƙa shigowa biyu-biyu, uku-uku. Kowacce sai ta fara durƙusawa ta yi masa wushe, wato sannu da hanya, ta sa masa albarka, sannan ta juya ta duba mai jiki. Hajja Rahima, maƙwabciyar Iya ta shekara talatin, har da hawaye. Ta ce ita ba ta taɓa ganin ɗa irin wannan ba, nata suna nan Kano amma sai su shekara ba su leƙo ta ba.

Suwaibatu tana tsaye jikin taga da kofin kunu a hannu. Tun asuba take lallashin Iya ta sha ko cokali biyu ne, Iya tana kau da kai. Yunusa ya miƙo hannu ya karɓi kofin, ya tallafo kan Iya, sai ga ta tana sha kamar wadda ta kwana uku ba ta ga abinci ba.

"Kun gani ko?" in ji Hajja Rahima. "Hannun ɗa daban ne."

Kunun nan Suwaibatu ce ta dama shi. Ba wanda ya tuna.

Ta juya fuskarta waje, wani ɗaci ya taso mata a rai. Ta san abin, shekara tara suna tare. Tun shekarar da ta samu gurbin yin digiri a Maiduguri, shi kuma Yunusa ya samu makaranta a Atlanta, Baba ya sayar da gonarsu ta fadama ya tura shi, ya ce ita ta jira baɗi tunda tana da aikin koyarwa a hannu. Baɗin nan ba ta taɓa zuwa ba. Da Baba ya kwanta ciwon ajali, ita ta yi jinya wata biyar. Yunusa bai zo jana'iza ba, bai zo sadakar arba'in ba. Da ta yi ƙorafi, Iya ta ce mata teku ne tsakani, ta yi masa uzuri. Da aka yi wa Iya aikin ido ma, teku ne tsakani. Bikin suna, rashin lafiya, rufin ɗaki da iska ta yaye, duk Suwaibatu ce, shi kuwa sai dai hotonsa da ke rataye a falon Iya, wanda kullum ake goge masa ƙura da gefen mayafi.

Yau kuma tekun ya zama ba komai.

Hajja Rahima ce ta jefo tambayar, ba da wata manufa ba. Ta ce wai awa nawa suka yi a sama?

"Da ɗan dama, Hajja," Yunusa ya ce, ya sunkuyar da kai yana gyara wa Iya filo.

A nan ne Suwaibatu ta dube shi da kyau, karo na farko tun zuwansa. Babu akwati. Babu ko jakar hannu. Jallabiya ce a jikinsa mai rufe har wuya, da silifa na roba irin wanda ake sayarwa a kowace kasuwa. Fuskarsa ta cika, ta ce a ranta ƙibar Amurka ce.

Ta ajiye murfin kofi ta fita.

*

Ƙarƙashin darbejiyar da ke bakin ɗakin karɓar magani ta zauna. Labarin ƙasa take koyarwa a sakandaren 'yan mata, shekara goma sha biyu tana zana wa yara tekun Atlantika a allo da farin alli. Ta ciro waya ta rubuta Atlanta zuwa Legas.

Kilomita dubu tara da ɗari huɗu.

Awa goma sha ɗaya da 'yan mintoci, in jirgin bai tsaya ko'ina ba.

Ta juya takardar maganin Iya ta fara rubutu a bayanta. Legas zuwa Kano, awa ɗaya da rabi a jirgi. Kano zuwa Nguru ta Hadejia, awa huɗu, in direban bai tsaya shan mai ko salla ba. Ta haɗa. Awa goma sha shida da rabi. Wannan kuma in an ɗauka jirgin yana ƙofar gidansa a kunne yana jiransa, babu sayen tikiti, babu layin bincike, babu zaman jira a Legas.

Ta buɗe wurin kira. Ƙarfe shida da minti arba'in na yamma ta kira shi tana kuka ta ce Iya ta faɗi. Ƙarfe bakwai na safe ya yi sallama.

Awa goma sha biyu da minti ashirin.

Sau uku ta maimaita lissafin. Ta cire bambancin lokaci, ta mayar, ta ga babu ruwansa a ciki, domin agogon Nguru ne ta duba a farko, shi ta duba a ƙarshe.

Sai wani abu ya faɗo mata wanda firgicin jiya ya hana ta lura da shi. Lokacin da take maganar, ta ji kiran sallar magariba a cikin wayar. Ta ɗauka na masallacin asibiti ne yake dawo mata ta kunne. Amma ladanin asibiti bai ɗaga murya ba sai bayan ta kashe wayar. A Atlanta kuwa lokacin rana tsaka ce.

Ta kife wayar a cinyarta. Abin da ta ji ba tsoro ba ne. In za ta faɗi gaskiya, daɗi ne, irin daɗin da mutum ke jin kunyar a san ya ji.

Tana nan zaune mijinta Usaini ya iso da kular abincin rana. Ɗan kasuwa ne, busasshen kifi yake lodi zuwa kudu, mutum mai sanyin magana. Ta miƙa masa takardar. Ya duba ya daɗe, sannan ya ninke ta biyu ya mayar mata.

"Ki ji tsoron Allah, Suwaiba. Iya na kwance, ke kina nan kina lissafin jirgin sama."

"Baban Nabila, ka duba mana. Ta ina ya biyo?"

"Ko ta ina ya biyo, ya zo. Kishi ne ke cin ki, kuma kin sani."

Bai jira amsa ba ya shige ciki da kular. Ta bi bayansa da kallo. Maganarsa gaskiya ce, kishi ne, ba ta musa wa kanta ba. Amma ko ta cire kishin ta ajiye gefe, awa huɗun nan da suka ɓata ba su dawo ba.

Da la'asar Yunusa ya miƙe ya ce zai tafi Gashua ya kwana gidan Kawu Mudi, ƙanin Iya, gobe ko jibi ya dawo. Hajja Rahima ta ce wane irin Gashua, ga ɗakinsa nan a gida an share? Kafin ya buɗe baki Iya ta riga shi. Iyar da ke magana da ƙyar tun safe, ta ce a bar shi ya tafi, Kawunsa yana jiransa.

Suwaibatu ta dubi uwarta. Iya ta rufe ido.

Wata bakwai ke nan Iya ta tsiri zuwa Gashua duk bayan mako biyu. Ta ce ciwon hawan jini ya sa Kawu Mudi a gaba, matarsa kuma ba ta iya girkin marasa lafiya ba. Suwaibatu ce ke tashi da sassafe kafin ta tafi makaranta ta yi tuwo da miya babu gishiri, babu maggi, babu kanwa, ta zuba a kula ta kai Iya tasha. Sau biyu ta ce za ta raka ta, sau biyu Iya ta ce ta zauna ta kula da yara.

*

Laraba da safe ta bar Hajja Rahima wurin Iya, ta ce za ta leƙa makaranta ta sa hannu. Tasha ta wuce.

Motar ta cika da wuri. Ƙarshen damina ne, ruwa ya kwanta hagu da dama, shinkafa ta yi kore shar, ciyawar kachalla ta rufe bakin tafkuna. Suwaibatu ba ta ga ko ɗaya ba. Agogon hannunta take kallo. Suka wuce Jajimaji, direba ya sauke wata mata da buhun gero, suka ci gaba.

A hanya ta shirya komai. Ta ce ƙila mace ya ɓoye. Ƙila wani laifi ya yi can aka koro shi. Ko ma mene ne, za ta sa shi gaba su koma Nguru, ya tsaya tsakiyar matan nan ya faɗa da bakinsa. Tana so ta ga fuskar Hajja Rahima. Tana so ta ga Iya ta rasa uzurin da za ta kawo.

Awa ɗaya da minti goma suka shiga Gashua.

Gidan Kawu Mudi yana kusa da kogi, tun daga lungu warin bandar kifi ke tarbar mutum. Kawu ya fita duba komarsa ta kamun kifi. Matarsa Inna Salma ce a tsakar gida tana jera kifi a kan wayar banda, da ta ɗago ta ga wadda ta yi sallama sai kifin ya suɓuce mata cikin toka. Ta fara gaisuwa tana maimaita abu ɗaya, ya mai jiki, ya yara, ya mai jiki. Idonta kuwa yana ta zuwa ɗakin da ke can ƙurya bayan rumbu.

Suwaibatu ta amsa gaisuwar a taƙaice ta nufi ɗakin.

A bakin ƙofa ta ga kularta shuɗiya a kife, an wanke. Ta ɗaga labule.

Manyan akwatuna biyu a jingine da bango, ƙura ta kwanta a kansu. Takardar da ake ɗaura wa kaya a filin jirgi tana nan a hannun ɗaya, ta yi ja don daɗewa. Ta sunkuya ta karanta. Watan Fabrairu.

Yunusa yana kwance a katifa fuskarsa a bango. Da ya ji motsi ya juyo, ya yi wuf ya jawo tawul ya rufe kafaɗarsa.

"Sannu da hanya, mutumin Atlanta."

"Yaya..."

"Wata nawa?"

Ya dubi akwatunan.

"Na iya karatu, Yunusa. So nake in ji daga bakinka."

"Bakwai."

"Ranar Babbar Salla da ka kira ka ce kana wurin aiki, ba a ba ku hutu ba?"

"Ina ɗakin nan."

"Lambar Amurkan fa?"

Ya ce lambar tana nan a WhatsApp, ba ta canzawa ko ina mutum yake.

Ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta da alaƙa da farin ciki. Sannan bakinta ya buɗe, abin da ta tara shekara tara ya fito ba tsari. Ta faɗa masa yadda ta riƙa juya Baba a kan gado ita kaɗai har bayanta ya riƙe. Ta faɗa masa takardar shiga jami'arta tana nan a ƙasan akwati, ta yi rawaya. Ta ce duk wanda ya zo gidan Iya hotonsa ake nuna masa, ita kuwa ko a bakin baƙi sunanta "yarinyar nan". Ta ce jiya kunun da ta dama aka sa masa albarka a kai.

"Yau na auna hanyar nan," ta ce. "Awa ɗaya da minti goma. Wata bakwai kana nan, ni ina can ina tuƙa maka tuwo ban sani ba, ana ce mini na Kawu ne. Ka tashi. Tashi mu tafi Nguru ka faɗa musu da kanka."

Ya yunƙura zai zauna, ya dafa bango. Tawul ɗin ya zame.

Idonta ya sauka a wuyansa.

A ƙasan wuyansa na dama, wata robar asibiti ce mai baki biyu ta fito daga cikin fata, an manne ta da filasta. Ƙashin kafaɗarsa a waje. Ta sauke ido zuwa ƙafafunsa, sun kumbura sun yi sheƙi, shatin silifa ya nutse a ciki. Abin da ta kira ƙiba jiya, yanzu a hasken taga ta ga ba ƙiba ba ce. Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san wannan kumburin, ya raka wani maƙabarta saboda shi.

"Ƙoda?" ta ce, muryar ba tata ba.

Ya gyaɗa kai. "Duka biyun."

Ta zauna a kan akwatin.

A hankali ya ba ta labarin, yana tsayawa yana numfashi. Karatun bai kammala ba, tun shekara ta uku abin ya fi ƙarfinsa, ya koma tuƙa tasi dare da rana. Takardun zamansa suka ƙare. Shi ya sa bai zo jana'izar Baba ba, domin in ya fito ba zai iya komawa ba, kuma bai san da wane ido zai dubi mutanen Nguru hannu wofi ba bayan an sayar da gona dominsa. Bara ya faɗi cikin mota, aka kai shi asibiti, aka faɗa masa. Da ya ga abin ba na tashi ba ne, ya ce gara ya zo ya mutu inda za a yi masa salla. Mutanen masallacinsu ne suka sa shi a jirgi. Daga Kano ya kira Iya, ita ta ce kada ya shigo Nguru, ya wuce gidan Kawu. Yanzu Laraba da Asabar ake kai shi Damaturu wankin ƙoda.

"Da kika kira ni ran Litinin, na san ya kamata in jira kwana biyu don maganar ta zauna," ya ce. "Na kasa. Da gari ya waye na shiga motar farko."

Suwaibatu ta gyara zama a kan akwatin.

"Me ya sa ni? Kawu ya sani, Inna Salma ta sani. Me na yi wa Iya da za ta ɓoye mini?"

"Kunyarki take ji."

"Kunyata?"

"Ta ce ita ta goya wa Baba baya aka hana ki tafiya. Ta ce ba za ta iya duban idonki ta ce miki ga abin da aka saya da karatunki ba."

Ta kau da kai. Ba ta yarda ba, kuma tana so ta yarda.

"Kina cewa hotona take gogewa," Yunusa ya ci gaba. "Shekara tara duk kiran da na yi, maganarki ce. Suwaiba ta gyara rufi, Suwaiba ta kai ni asibiti, ɗaliban Suwaiba sun ci jarrabawa. In na kashe waya sai in kasa cin abinci. Ke kika rufe wa Baba ido, Yaya. Ni ina cikin mota ina jiran fasinja aka turo mini hoton kabari. Kin san sau nawa na ce da ma ni aka ce in jira baɗi?"

Ba ta taɓa tunanin akwai abin da take da shi wanda wani zai yi kishi ba. Ta dube shi, ta ga yaron da ta riƙa goyawa zuwa makarantar allo, mai tsoron kare. Hawayen da ta riƙe tun Litinin suka zubo. Ta tashi daga kan akwatin ta dawo bakin katifa, ta ɗauki tawul ɗin ta rufa masa a kafaɗa da kanta.

Ta tambaye shi abin da likitoci suka ce. Ya ce wankin yana riƙe shi ne kawai, jikin kuma ya fara gajiya. Maganarsu ɗaya ce, dashen ƙoda.

Sannan ya rage murya.

"Mako uku da suka wuce Iya ta bi ni Damaturu. Ta ce a cire tata a sa mini."

Suwaibatu ta ɗago.

"Na hana, ta ƙi ji. Suka duba ta. Ran Litinin da yamma aka kira ta aka ce ba zai yiwu ba, shekarunta sun ja, ga hawan jini. Ina jin tana ajiye wayar ke nan ta faɗi."

Ɗacin nan ya dawo mata, ta ji kunyar dawowarsa amma ya dawo. Ƙaninta yana gabanta da roba a wuya, ita kuwa tambaya ɗaya ce ke yawo a kanta. Da ita ce a kwance a katifar nan, Iya za ta shiga mota har Damaturu ta ce a yanka ta?

Ta haɗiye tambayar.

"To yanzu fa?"

"Sun ce an fi samun dacewa da ɗan'uwa na jini."

Daga tsakar gida ana jin Inna Salma tana kakkaɓe toka. Su biyu Iya ta haifa, babu na uku. Suwaibatu ta tuna 'yarta Nabila da ke aji biyar, da ƙaramin da ko yaye shi ba ta daɗe da yi ba.

"Ba don haka na faɗa miki ba," Yunusa ya ce da sauri. "Na rantse wa Iya, in ta tambaye ki zan daina zuwa wankin. Kin ba da naki, ya isa."

"Ba ta tambaye ni ba."

Ya sunkuyar da kai yana murza bakin tawul.

A waje mota ta tsaya. Aka danna hon sau biyu, gajere, irin na wanda ya saba da gidan. Yunusa ya dubi agogon bango, ƙarfe goma saura kwata, lokacin tafiya Damaturu. Fuskarsa ta canza gaba ɗaya. Ya kamo hannunta, tafinsa sanyi ƙalau.

"Yaya, don Allah, duk abin da za ki ji, ba da yawuna ba ne."

Ta buɗe baki za ta tambaye shi, sai ta ji sallama a tsakar gida. Ta ji Inna Salma ta taso da gudu tana cewa tsaya, tsaya tukuna. Mai sallamar bai tsaya ba. Takunsa ya nufo ɗakin kai tsaye, yana magana tun daga bakin rumbu, cikin muryar nan mai sanyi da take ji kullum a gidanta shekara goma sha uku.

"Yunusa, ka shirya? Mu bi ta Dapchi da wuri kafin rana ta yi. Albishirinka, an samu Asabar, ranar za a gwada ko ƙodar Suwaiba ta dace da taka. Na faɗa wa Iya ta kwantar da hankalinta, na riga na amince. Zan ce wa Suwaiba rakiya za ta yi mini, in mun isa can sai ta ji, ka san ba za ta iya cewa a'a a gaban mutane ba..."

Labulen ya ɗaga.

Usaini ya tsaya da ledar magani a hannu, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje.

Suwaibatu ta zare hannunta daga na Yunusa, ta miƙe tsaye.

"Ƙarasa shigowa, Baban Nabila," ta ce. "Me ka amince a yi da ni?"